Zanen Natsuwa da Alaƙarsa da Ilmin Halittu

Gabatarwa

Da wuya malami ya karɓi littattafan rubutun ɗalibansa ya duba shafukan baya, bai ci karo da 'yan zane-zane ba. A nan da'ira cikin da'ira, a can layuka masu sarƙe da juna, wani wurin kuma ɗigo-ɗigo jere kamar jikin zabuwa. Galibi akan ɗauki wannan a matsayin shiririta, ko shaidar cewa yaro yana aji amma hankalinsa yana kasuwa. Sau da yawa ma yakan jawo wa mai shi faɗa ko bulala.

To, amma binciken masana ya nuna cewa al'amarin ya wuce haka. Akwai wani nau'in zane da ake yi da gangan, a kan tsari, don a tattara hankali wuri guda a kwantar da shi. Wannan maƙala za ta bayyana asalin wannan zane, da abin da ke gudana a jikin ɗan Adam yayin da yake yin sa, da yadda ake yin sa, sannan da ayyukan da za a iya ƙirƙira da shi a darasin ilmin halittu. Batun yana da muhimmanci musamman ga ɗaliban da ke fuskantar jarrabawar kammala sakandare, domin da yawa daga cikinsu ba rashin sani ke kayar da su ba, fargaba ce.

Mene ne Zanen Natsuwa?

Zanen natsuwa shi ne maimaita wani ɗan sauƙaƙan layi ko siffa, sannu a hankali, har ya cika fili ya zama ado. Mai yin sa ba hoton mutum ko doki ko gida yake ƙoƙarin fitarwa ba, saboda haka babu batun ya yi kama ko bai yi kama ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne layin da yake ja a wannan lokacin. Idan ya gama shi, ya ja na kusa da shi.

Al'ummomi da dama sun daɗe da sanin wannan. A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, mata kan tashi da asuba su share ƙofar gida, su jera ɗigo-ɗigo da garin shinkafa, sannan su ja layi mai kewaya ɗigon yana lanƙwasawa har ya koma inda ya faro. Sunan wannan zane kolam. Kafin rana ta faɗi ƙafafu sun tattake shi, tururuwa da tsuntsaye sun cinye garin, kashegari a sake sabo. A yankin Tibet, malaman addinin Buda kan shafe kwanaki suna tsara wata babbar da'ira mai suna mandala da rairayi mai launi iri-iri, da zarar sun kammala kuma sai su share ta su zuba rairayin a ruwa. Mutanen Cokwe na Angola su ma suna da zanen da suke yi da yatsa a kan rairayi, wanda suke kira sona, suna ba da labari da shi. A duk waɗannan, yin aikin ya fi ajiye shi daraja.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya, ko maɗinkin hula, ko mai zayyanar allo a ƙasar Hausa, ba zai ga wannan baƙon abu ba. Duk da cewa su sana'a suke yi, hanyar ɗaya ce: ƙaramar siffa ake maimaitawa, hannu na tafiya, baki ya yi shiru.

A zamanin nan, akwai wata hanya da ake kira Zentangle. Wasu Amurkawa biyu ne, Rick Roberts da Maria Thomas, suka tsara ta a jihar Massachusetts a wajen shekarar 2003. Maria gwanar rubutun ado ce. Wata rana tana cike bayan wani babban harafi da ƙananan siffofi, sai ta lura lokaci ya shuɗe ba ta sani ba, kuma damuwarta ta gushe. Da ta bayyana wa Rick, wanda ya daɗe yana koyon hanyoyin tattara hankali, sai ya gane cewa irin wannan halin ne masu wancan horo suke nema. Daga nan suka zauna suka rarraba aikin zuwa matakai, yadda ko wanda bai taɓa zane ba zai iya bi.

Abin da ke Gudana a Jiki

Domin a fahimci yadda jan layi zai shafi bugun zuciya, wajibi ne a waiwayi tsarin jijiyoyin jiki. Akwai wani sashe na jijiyoyi da ke aiki ba da umarnin mutum ba. Shi ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci da fitar gumi. Wannan sashe yana da reshe biyu. Na farko shi ke shirya jiki don faɗa ko gudu. Idan mutum ya ga maciji, wannan reshe kan aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Idan tashin hankalin ya ɗore, ƙullutan kan ƙara da wani sinadari mai suna kotizol. Reshe na biyu kuwa shi ke mayar da jiki ga hutu. Babbar hanyarsa ita ce wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta isa zuciya da huhu da hanji.

Matsalar ita ce, jiki ba ya bambanta maciji na gaske da tunanin faɗuwa jarrabawa. Duka biyun suna tayar da reshen farko. Ga shi kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da ake tunani a kai a halin yanzu ƙarami ne ainun, abubuwa kaɗan yake iya ɗauka a lokaci guda. Idan fargaba ta mamaye shi, babu sauran wurin da lissafi ko haddar darasi za su zauna. Wannan ne ya sa ɗalibi kan shiga ɗakin jarrabawa da karatunsa, ya ga komai ya ɓace masa, sai ya fito ya tuna.

Bugu da ƙari, hankalin ɗan Adam mayawaci ne. A shekarar 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar hannu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Sun gano cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da ke gabansu, kuma a irin waɗannan lokuta sun fi rashin jin daɗi.

A nan ne zanen natsuwa yake shigowa. Aiki ne da ke bukatar ido da hannu su haɗu, don haka yana cike wannan ɗan ƙaramin gurbi na ƙwaƙwalwa, ya hana tunanin gobe samun wurin zama. Amma kuma ba shi da wuyar da za ta haifar da sabuwar fargaba, tun da babu amsar da za a ce an yi kuskure. Har ila yau, mai jan layi a hankali kan tsinci kansa yana numfashi a hankali. Sananne ne ga masana aikin jiki cewa zuciya kan ɗan ƙara sauri idan an ja numfashi, ta rage idan an sake shi, kuma jijiyar bagus ce ke wannan aiki. Ke nan doguwar fitar da numfashi tana taimaka wa reshen hutu.

Me Bincike ya Tabbatar?

A shekarar 2005, Nancy Curry da Tim Kasser na Kwalejin Knox da ke Amurka sun gwada ɗalibai 84. Da farko sun sa kowa ya rubuta labarin wani abin tsoro da ya taɓa samunsa, don hankalinsa ya tashi. Sannan suka kasa su uku, aka ba su minti 20. Kashin farko suka shafa launi a zanen mandala, na biyu suka shafa a zanen layuka masu gilma juna kamar na zanen gado, na uku kuma aka ba su farar takarda su yi abin da suka ga dama. Kashi biyu na farko damuwarsu ta ragu sosai fiye da ta na uku. Darasin da ke nan shi ne, sirrin yana cikin tsari da maimaitawa, ba cikin wata siffa ta musamman ko wata aƙida ba. Farar takarda kuwa ita kanta kan zame wa mutum abin fargaba, domin bai san ta inda zai faro ba.

A shekarar 2009, Jackie Andrade ta Jami'ar Plymouth da ke Ingila ta sa mutum 40 sauraren wani saƙon waya mai gundura, mai ɗauke da sunayen mutane da na wurare. Rabinsu an ba su takarda mai 'yan da'irori da murabba'ai su riƙa cikewa da fensir suna saurare. Da aka yi musu tambayar ba-zata daga baya, masu cike siffofin sun tuna abin da ya zarce na sauran da kashi 29 cikin 100. Bayanin da ta bayar shi ne, ɗan aikin hannun ya hana hankalinsu tafiya yawo gaba ɗaya.

A shekarar 2016 kuma, Girija Kaimal da abokan aikinta a Jami'ar Drexel sun auna kotizol a cikin yawun mutum 39, kafin su yi aikin fasaha na minti 45 da kuma bayan sun gama. Kimanin kashi uku cikin huɗu nasu sinadarin ya ragu, kuma gwaninta ba ta kawo wani bambanci ba.

Sai dai ɗalibin kimiyya ya kamata ya lura da abu biyu. Na farko, waɗannan gwaje-gwaje na mutane kaɗan ne, kuma sauƙin da aka auna na ɗan lokaci ne. Gwajin ƙarshe ma ba shi da rukunin kwatanci, wato waɗanda za su zauna kawai ba su yi komai ba a gani ko su ma kotizol ɗinsu zai ragu. Na biyu, zane ba magani ba ne. Yaron da ya daina barci, ko ya daina cin abinci, ko ya ƙaurace wa mutane na tsawon makonni, likita yake bukata, kuma hakkin malami ne ya sanar da iyayensa.

Yadda Ake Yi

Kayan aikin ba su da tsada: takarda, fensir da biro baƙi. A yanka takardar murabba'i, kowane gefe kimanin santimita 9. An zaɓi ƙaramar takarda ne don a iya gamawa a zama guda, cikin minti 15 zuwa 20. Ba a bukatar rula, ba a kuma amfani da abin goge fensir.

Da farko a zauna daidai, a ja numfashi a sake shi a hankali sau uku. Sai a ɗiga ɗigo huɗu da fensir, ɗaya kusa da kowace kusurwa, a haɗa su da layi mara nauyi ya zama iyaka. Ba dole ne layin ya miƙe sak ba. Bayan haka a ja wani layi mai lanƙwasa a cikin iyakar, wanda zai raba filin gida uku ko huɗu, kamar yadda ake raba gona fegi-fegi. Daga nan a ajiye fensir a ɗauki biro, a cike kowane fegi da siffa guda da ake maimaitawa.

Duk siffofin daga abubuwa biyar suke fitowa: ɗigo, miƙaƙƙen layi, lanƙwasa kamar jinjirin wata, lanƙwasa biyu kamar tafiyar maciji, da kuma da'ira. Duk wanda ya iya rubuta sunansa ya riga ya iya su. Ga dabaru huɗu da mai farawa zai gwada. Ta farko ita ce rakiya: a zana siffa guda, sai a bi gefenta da layi, a sake bin wannan da wani, kamar yadda ruwa ke yi idan an jefa tsakuwa a kududdufi. Ta biyu ita ce saƙa: a ja layuka biyu-biyu kamar sanduna, duk wadda ta ci karo da wata sai a ɗaga biro a ci gaba a ɗaya gefen, ta zama kamar ta bi ta ƙarƙashi, irin saƙar tabarma. Ta uku ita ce cunkoso: a jera da'irori manya da ƙanana suna taɓa juna, a cike tsakaninsu da baƙi. Ta huɗu ita ce dara: a ja layuka tsaye da kwance, a kowane gida a maimaita abu guda, alal misali a raba shi biyu a baƙanta rabi.

Idan fili ya cika, a koma ga fensir a sa inuwa a gefen wasu siffofin, a murza da yatsa. Wannan kan sa zanen ya taso. A ƙarshe a rubuta kwanan wata a baya. Idan hannu ya goce, kada a yaga takarda. A maimaita gocewar sau biyu ko uku, sai ta zama wani ɓangare na adon. Haka kuma a riƙa juya takardar yadda hannu zai ji daɗi, domin zanen ba shi da sama ko ƙasa.

Halittu ma da Maimaitawa Ake Gina Su

Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin ilmin halittu shi ne, hanyar da yake bi a kan takarda ita ce ake gani a jikin tsirrai da dabbobi: ƙa'ida mai sauƙi, an maimaita ta sau da yawa. A dubi goruba. Gangar jikinta kan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Irin wannan tsari ne hanyoyin iska suke bi a huhun mutum, inda suke rarrabuwa har kimanin hawa 23 kafin su ƙare a 'yan jakunkunan da iska ke shiga jini.

A dubi abarba. Idanunta a jere suke cikin layuka masu karkata, wasu dama wasu hagu. Idan aka ƙirga, galibi akan sami 8 ta wannan gefe, 13 ta wancan. A tsakiyar furen rana kuma akan sami 34 da 55. Waɗannan lambobi suna cikin jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce. Ana danganta jerin da Fibonacci, masanin lissafi na Italiya da ya kawo shi a littafinsa na shekarar 1202, ko da yake masanan Indiya sun riga shi saninsa. Tsiro ba ya ƙirga. Abin da ke faruwa shi ne, a can kan tsiron inda yake girma, kowane sabon toho kan fito ne a inda ya fi samun sarari daga waɗanda suka gabace shi, kuma sinadarin oksin ne ke nuna wurin. Sakamakon haka, tsakanin toho da mai bi masa akan sami kusurwa ta kimanin digiri 137.5, daga ita kuma waɗannan layuka suke fitowa.

Game da ɗigon damisa da ratsin jakin dawa, Alan Turing, masanin lissafi na Ingila, ya nuna a shekarar 1952 cewa sinadarai biyu masu tasiri a kan juna, waɗanda ke bazuwa cikin jiki da sauri mabambanci, sun isa su haifar da ɗigo ko ratsi a inda da babu. Ɗaya yana ƙarfafa launi, ɗayan yana danne shi kuma ya fi saurin bazuwa, don haka kowane ɗigo kan kewaye kansa da fili. A shekarar 1995 masana biyu na Jafan, Shigeru Kondo da Rihito Asai, sun nuna cewa ratsin wani kifin teku yana sauyawa yayin da kifin ke girma, daidai da yadda lissafin ya yi hasashe.

Daɗin daɗawa, zane tsohon makami ne na wannan fanni. Da hannu Robert Hooke ya zana 'yan ɗakunan da ya gani a ɓawon itace ta madubin ƙara girma a 1665, daga nan aka sami sunan ƙwayar halitta a Turance. Da hannu kuma Santiago Ramon y Cajal na ƙasar Sifen ya zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1906. Mai zana abu dole ya dube shi da kyau, kuma duba da kyau shi ne matakin farko na kimiyya.

Ayyukan da Za a Gwada

Aiki na farko shi ne littafin siffofi. Kowane ɗalibi ya ware ƙaramin littafi, a kowane mako ya samo abu guda daga muhallinsa, kamar gashin zabuwa, saƙar zuma, ɓawon gyaɗa ko fuffuken fara. A shafin hagu ya zana shi yadda yake, da sunansa da inda ya same shi. A shafin dama ya ciro ƙa'idar da ke maimaituwa a jikinsa ya cike murabba'i da ita.

Na biyu ya shafi ganye. A raba takarda biyu, a cike rabi da tsarin jijiyoyin ganyen dawa ko masara, waɗanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya rabin kuma da na ganyen mangwaro ko wake, waɗanda ke rassa kamar raga. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa da wuya ya manta bambancin tsirrai masu ganyen iri ɗaya da masu biyu.

Na uku ƙirga ne kafin zane. A kawo abarba da gorar masara da dama. A ƙirga layukan abarba ta gefe biyu, a ƙirga layukan ƙwayar masara, a rubuta a allo. Ɗalibai za su ga cewa layukan masara kusan kullum biyu-biyu suke zuwa, kamar 12 ko 14 ko 16, domin furanninta tagwaye suke fitowa.

Na huɗu aikin gayya ne. Malami ya zana babbar siffa, alal misali ƙwayar halittar tsiro, ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya raba wa 'yan aji. Kowa ya cike tasa, sannan a harhaɗa a manna a bangon aji ko ɗakin gwaje-gwaje. Kada a ba da maki a wannan aiki, domin da zarar maki ya shigo, fargabar da ake gudu ta dawo.

Kammalawa

An ga cewa zanen natsuwa ba sihiri ba ne, ba kuma shiririta ba ce. Aiki ne mai sauƙi da ke ba hankali wurin tsayawa, ya ba jiki damar saukowa daga halin faɗa ko gudu, sannan ya horar da ido ga lura. Ba zai maye gurbin karatu ko barci ko addu'a ko ganin likita ba. Amma ɗalibin da ya ware minti 15 kafin ya buɗe littafi ya cike ɗan murabba'insa, yana iya tarar da cewa abin da ya karanta ya fi zama. Malamin da ya ga irin waɗannan zane-zane a bayan littafi kuwa, kafin ya yi faɗa, yana da kyau ya jarraba miƙa wa yaron ganye ya ce ya zana jijiyoyinsa. Layi guda ba komai ba ne, amma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.